Jitata ba ta riƙe saiti, musamman tsirkiya ta uku: kunnuwa zan canza ko me?

Ɗan Gyaɗi-Gyaɗi:
Assalamu alaikum 'yan uwa makaɗa. Ina da jitar lantarki 'yar gwanjo, mai siffar Stratocaster (ana ce mata Strat) amma ba ta kamfanin Fender ba ce, ƙirar China ce, sunan da ke kanta ma ya goge. Sautinta ya yi mini, wuyanta kuma akwai daɗin riƙo. Matsalar ita ce saiti. Sai in saita ta da manhajar waya, duka shida su nuna kore, kafin in gama waƙa ɗaya ta zame. Tsirkiya ta uku, wato G, ita ta fi ba ni wahala: da na tura ta sama da yatsa na sake, shi ke nan ta sauka. Wani lokaci kuma ina murɗa kunne, wato abin ɗame tsirkiya, ba abin da ke canzawa, can sai in ji "ƙyas", ta tsallake ta wuce inda nake so. Abokina ya ce kunnuwan ne ba su da kyau, in yi odar masu kulle. Da na duba kuɗinsu da na kawowa sai na ga sun kusa rabin kuɗin jitar. Muna da wasan biki ƙarshen wata. Don Allah a ba ni shawara kafin in kashe kuɗin nan.

Solo Mai Lid:
Wa alaikumus salam. Abokinka ya faɗa maka gaskiya. Jita mai araha kunnuwanta ba su da ƙarfi, suna sakin tsirkiya a hankali. Ni da na sa masu kulle a tawa na samu lafiya. Rufe ido ka saya kawai.

Baba Mai Gyara:
Solo, a yi haƙuri, ban yarda ba. Yaro, kada ka sayi komai tukuna. Wannan "ƙyas" ɗin da ka ambata ya riga ya nuna inda ciwon yake, kuma ba a kunne ba ne.

A cikin kunnen jita akwai ƙarfe mai zare wanda yake juya wata 'yar giya mai haƙora. Hannunka yana juya zaren, zaren ya juya giyar, giyar ta naɗe tsirkiya. Amma giyar ba ta iya mayar da zaren baya, ƙirar ke nan, ko a mai tsada ko a mai araha. Sai in haƙoran sun cinye ko wani abu ya karye kunne zai warware da kansa. In kana so ka gani da idonka, sa ɗigon biro a kan kunnen G da jikin katakon, ka yi kiɗa har ta sauka, sannan ka duba. Za ka tarar ɗigon yana nan inda ka bar shi.

Abin da ke kama maka tsirkiya shi ne nat, farin robar nan mai tsagi shida da ke tsakanin kai da wuya. Tsagin ya yi wa tsirkiyar ƙunci. Kana murɗa kunne, ɓangaren da ke bayan nat yana ɗamewa, na gaba bai sani ba, har ƙarfin ya taru ya fizge lokaci ɗaya. Ƙarar fizgar ce kake ji. Haka nan in ka tura G sama, ka jawo wani ɗan tsawo daga bayan nat zuwa gaba, da ka saki sai tsagin ya hana shi komawa, tsirkiya ta saki.

Gwada wannan yanzu. Saita G daidai, ka danna ta da yatsa a bayan nat, tsakaninsa da kunne, ka saki, ka kaɗa. In ta haura ta tsaya a sama, magana ta ƙare. Sannan gaya mini, wace lambar tsirkiya ka sa mata?

Ɗan Gyaɗi-Gyaɗi:
Baba, na gwada. Wallahi ta haura ta ƙi dawowa, sai da na ɗan ja ta daga gaba. Tsirkiya ta huɗu, D, ma haka ta yi. Ɗigon biron kuma bai motsa ba. Tsirkiyoyin da ke kai 10 zuwa 46 ne, wato lambar kaurin mafi siririya da ta mafi kauri, su na samu a shago. Waɗanda ta zo da su sun fi siranta.

Baba Mai Gyara:
To ka gani. Yawancin irin waɗannan jitocin da 9 zuwa 42 suke fitowa daga kamfani, da su aka yanka tsagin, kuma yankan ma na gaggawa ne. G ta saitin 9 kaurinta 16 ne, ta saitin 10 kuwa 17. Bambancin kamar ba komai, amma a tsagin da tun farko a matse yake, ya isa. A ƙasa kuma daga 42 ka koma 46.

Hanya biyu ce. Ko ka koma 9, ko ka buɗe tsagin ya ɗauki 10. In buɗewa za ka yi, nemi sanfefa mai laushi, lamba 600 ko sama, ka yanki ɗan ƙarami ka ninka. Gefen tsagin za ka shafa, ba ƙasansa ba. Ka karkata hannunka ya gangara wajen kunnuwa, kada ka taɓa leɓen da ke kallon firet na farko (firet su ne 'yan ƙarafan da ke gicciye a wuya), domin daga nan tsirkiya take fara magana. Shafa biyu ko uku, ka mayar da tsirkiya, ka gwada. Na manyan ukun nan masu naɗi, guntun tsohuwar tsirkiya mai kauri ɗaya da su yana yin aikin magagari, ka riƙa ja da baya da gaba a cikin tsagin. In ka gama, ka goga bakin fensir a kowane tsagi har ya yi baƙi. Baƙin fensir yana sa santsi kuma ba ya kama ƙura.

Abin da nake ja maka kunne a kai shi ne zurfi. In ka ci ƙasan tsagin da yawa, tsirkiya za ta kwanta a kan firet na farko tana ƙara, kuma abin da ka cire ba ya dawowa da sauƙi.

Amina Mai Koyo:
Baba, tambaya. Ni wani ya ce in ɗiga man keken ɗinki a tsagin. Ya halatta?

Baba Mai Gyara:
'Yata, a ƙasar da ba ƙura zai yi. A nan kuwa, da hunturu ya shigo mai zai haɗu da ƙura ya zama laka a cikin tsagin, ki koma gidan jiya. Fensir ya fi. In ma za ki sa maiƙo, ɗan basilin a bakin tsinken sakace, ki gauraya da garin fensir, a sa kaɗan ƙwarai. Kuma a ƙarƙashin 'yan ƙarafan nan da ke danne tsirkiyoyi a kan jitar, su ma suna kamawa, mutane suna mantawa da su.

Solo Mai Lid:
Baba, da girmanka, amma ni fa na gani a jikina. Ina sa kunnuwa masu kulle matsalar ta tafi. Yaya za a ce ba kunne ba ne?

Bulus na Jos:
Solo, bari in shiga tsakani, don ni ma masu kulle ne a jitar da nake kaɗawa a coci. Abin da suke kullewa ba giyar ba ce, tsirkiyar suke matsewa a cikin ramin sandar, don haka ba ka buƙatar naɗi da yawa. Ranar da ka sa su, ka cire tsofaffin tsirkiyoyi, ka sa sababbi, naɗin da ke zamewa ya tafi, ka kuma ɗaure notocin sababbin kunnuwa tam. Abu uku ka gyara a lokaci ɗaya, sai kunne ya karɓi yabon. Suna da amfani, ba na musu, canjin tsirkiya a tsakiyar hidima ya zama na minti ɗaya. Amma da nat ɗinka yana kamawa kamar na wannan ɗan'uwa, da ko na zinariya ka sa G ba za ta zauna ba.

Ɗan Gyaɗi-Gyaɗi, turo mana hoton kan jitar mu ga yadda ka yi naɗin.

Ɗan Gyaɗi-Gyaɗi:
Na turo, Yaya Bulus.

Bulus na Jos:
Na gani. A kan E babba, wato ta shida mafi kauri, akwai naɗi wajen bakwai, wasu sun hau kan wasu. A B, ta biyu, kuma ko zagaye biyu bai cika ba. Duka biyun suna kawo zamewa. Wanda ya yi yawa yana ta matsewa a hankali duk lokacin da ka kaɗa, wanda ya yi kaɗan kuma ba shi da riƙo, tsirkiya marar naɗi santsi gare ta.

Yadda nake yi: manyan uku zagaye biyu zuwa uku, ƙananan uku huɗu zuwa biyar. Kowane zagaye ya sauka ƙarƙashin na gabansa, a jere, kada su haɗe. Don ka samu tsawon daidai, ja tsirkiyar ta miƙe ta cikin ramin, ka auna tazarar kunne ɗaya da rabi zuwa biyu gaba, ka mayar da wannan tsawon baya, ka lanƙwasa, sannan ka fara murɗawa kana riƙe da ita a ɗame da ɗayan hannun.

Bayan nan sai miƙarwa, wadda yawancin masu koyo ba sa yi. Saita, ka kama tsirkiyar a tsakiyar wuya ka ɗaga ta a hankali, ka bi tsawonta kana ja, ka sake saitawa. Za ka ga ta sauka sosai. Maimaita har ka ja ta ƙi sauka. Kada ka fizga, musamman E ƙarama.

Kuma kullum daga ƙasa ake hawa zuwa saiti. In ka wuce, sauko ƙasa da inda kake so, ka ɗan ja tsirkiyar, ka sake hawa. A nan ne kunne mai araha yake da rauni na gaskiya: akwai ɗan wasa tsakanin haƙoran giyar, in ka tsaya kana saukowa ka bar wannan wasan a buɗe. In ka hau daga ƙasa haƙoran suna jingine da juna. Tunda kana wurin, ɗauki sifana lamba 10 ka taɓa notocin da ke saman kunnuwan, da ƙananan kusoshin bayansu. Kada ka matse da ƙarfi, su dai daina girgiza.

Ɗan Agadas:
Salamu alaikum. Ni ban ji wanda ya yi maganar tiremolo ba, wato jakin da ke motsi in an danna sandarshi don sauti ya yi rawa, kuma ga jita irin wagga nan ne rabin wahala take. Ɗan'uwa, duba jakin, inda tsirkiyoyi suka hau daga ƙasa. Bayanshi shina kwance bisa katako ko ya tashi?

Ɗan Gyaɗi-Gyaɗi:
Ya tashi, har ƙaramin yatsana yana kusan shiga.

Ɗan Agadas:
To shi ke nan. Jakin nan ba a kafe yake ba. Tsirkiyoyi suna jan shi gaba, sifirin ukku da ke cikin bayan jitar suna jan shi baya, kamar sikeli ne mai kwano biyu. Saitin 9 gaba ɗaya jan da yake yi bai kai kilo 40 ba, na 10 ya wuce kilo 45. Ka ƙara nauyi gefe guda, sifirin ba su ƙaru ba, dole ya tashi. Shi ya sa in ka ɗame Sol, wato G, sai Mi da La, wato E da A, su sauka, ka koma ka gyara su, Sol ta sake gudu. Kana iya kwana kana zagayawa.

Mu nan da muke wasan biki a fili, cikin rana da iska da rairayi, kusan kowa kashe shi yake yi. Buɗe murfin baya. Za ka ga wani ƙarfe mai ƙugiyoyi da sifirin suka maƙale, kusoshi biyu dogaye sun riƙe shi a katako. Sassauta tsirkiyoyi, ka ɗaure kusoshin nan biyu daidai da juna har jakin ya kwanta lif bisa jiki. In akwai sifirin na ƙari, wurin yana ɗaukar har biyar. Wanda ya fi ma, ka sassaƙa guntun katako mai tauri ka cusa tsakanin ƙarfen jakin da ɗayan bakin sifirin suke kamawa da jikin jitar, ya cika wurin tam. Daga ranar, ko tsirkiya guda ta tsinke maka a tsakiyar wasa, sauran biyar suna nan daidai, ka ƙarasa waƙarka.

Solo Mai Lid:
Haba Ɗan Agadas, ka kashe tiremolo kuma me ya rage na Strat? Tun 1954 da aka fito da ita da shi aka san ta. Ni dai ba zan toshe nawa ba.

Ɗan Agadas:
Shahararren makaɗin jita Eric Clapton katako ne a bayan jitarshi, har wadda Fender suke yi da sunanshi haka take fitowa, a toshe. Ba wanda ya ce ba Strat ba ce. In kai kana aiki da sandar, to bar naka. Amma tambayi ɗan'uwan nan ko ma yana da sandar.

Ɗan Gyaɗi-Gyaɗi:
Ba ta zo da sanda ba ma, ramin kawai na gani.

Bulus na Jos:
To babu abin da zai rasa. Ga wanda yake so ya riƙe nasa kuwa, Solo, akwai tsaka-tsaki: a kwantar da jakin a kan jiki amma ba a toshe ba, sanda tana saukarwa ƙasa kawai, in ka saki ya dawo ya jingina da katako. Sannan kusoshi shida na gaban jakin, na tsakiya huɗun a ɗan ɗaga su kaɗan, na gefe biyun su riƙe shi ba tare da sun danne ba. In duka shida an matse su, jakin ba ya komawa inda ya taso.

Injiniya Zazzau:
Ina bin muhawarar nan tun safe. Akwai abu biyu da ake haɗawa alhali daban suke, kuma ina zargin ɗan'uwanmu yana da duka biyun. Na ɗaya, jita ta zame daga saiti, shi ne duk abin da aka tattauna. Na biyu, jita tana kan saiti, manhaja ta nuna kore a duka shida, amma da ka kama kod, wato tsirkiyoyi da yawa a tare, sai ka ji tsami. Wannan ba zamewa ba ce, tsawon tsirkiyar ne bai dace da firet ba.

Strat tsawonta daga nat zuwa jaki inci 25.5 ne, milimita 648, firet na 12 yana tsakiya. Kaɗa tsirkiya a sake ka saita, sannan ka danna a firet na 12 ka duba manhaja. In ya haura, tsirkiyar ta yi gajarta, ka ja ɗan sirdinta, wato ɗan ƙarfen da take hawa a kan jaki, baya, nesa da wuya, da kusar da ke bayan jaki. In ya sauka, ka matso da shi gaba. Amma wannan shi ne aikin ƙarshe, bayan an gama da nat da tiremolo, kuma da sababbin tsirkiyoyi. Da tsofaffi masu tsatsa ɓata lokaci ne.

In kuma tsamin a firet na 1 zuwa na 3 yake, to nat ya yi tsawo, kana danna tsirkiya daga nesa tana ƙara ɗamewa. Danna a firet na 3 ka leƙa saman na farko: ya kamata a ga ɗan haske ƙanƙani kawai, kamar kaurin takarda. A jita mai araha sau da yawa za ka ga rata babba.

Baba Mai Gyara:
Injiniya ya yi daidai, sai dai wannan na ƙarshen, rage zurfin tsagi, ba na so mai koyo ya yi shi ana saura kwanaki biki. A kawo wa mai gyara. In robar ta lalace ma gaba ɗaya, ƙashin ƙafar saniya da aka dafa aka cire maiƙonsa ya bushe, shi nake sassaƙawa, ya fi robar da suke sawa nesa ba kusa ba.

Amina Mai Koyo:
Injiniya, ni tawa in na saita da kunne har kod ɗin G ya yi daɗi, sai E ya ɓaci. In na gyara E, G ya ɓaci. Ita ma cuta ce?

Injiniya Zazzau:
A'a Malama Amina, wannan kowace jita haka take, har mai tsadar gaske. An raba firet ne yadda kowane mataki zai zama daidai da ɗan'uwansa, don a iya kiɗa daga kowane sauti aka fara. Sakamakon haka wasu tazarar ba su faɗa daidai inda kunne yake so ba, tazarar da ake kira ta uku babba, mai firet huɗu, tana haurawa da kusan kashi 14 cikin 100 na firet ɗaya. In kika gyara wa kod ɗaya da kunne, kin tura bambancin kan wani. Ki saita da manhaja ki bar ta a nan. Kuma ki duba ƙarfin yatsunki, tsirkiya siririya in an danne ta da ƙarfi haurawa take yi. Ki danna daf da firet, iya yadda sauti zai fito tsaf.

Ɗan Agadas:
A ƙara da zafi. Kada ka fiddo jita daga mota mai zafi ko ɗaki mai sanyi ka saita nan take. Aje ta inda za a yi wasan ta sha iskar wurin, ka kaɗa ta kaɗan hannunka ya ɗumama tsirkiyoyin, sannan ka saita. Ƙarfe in ya ji zafi miƙewa yake, sauti ya sauka. Kuma kada ta kwana a jingine a bango lokacin hunturu, sa ta cikin jakarta. Katako yana son danshi wajen kashi 45 zuwa 55, mu kuwa a nan iska tana bushewa ƙasa da kashi 20, wuyan ya motsa, bakin firet ya fito yana yankar hannu.

Solo Mai Lid:
In wuyan ya motsa ai sai ya murɗa ƙarfen cikin wuyan da alanki.

Baba Mai Gyara:
Kada ya taɓa shi yanzu. Ƙarfen cikin wuya na gyaran lanƙwasar wuya ne, ba ya hana tsirkiya zamewa. Abin da zai duba shi ne kusoshi huɗun da suka haɗa wuya da jiki. Rungume jitar ka ɗan tura wuyan gefe, in ka ji ya motsa ko ya yi ƙara, ɗaure su. In wata tana juyawa ba ta kamawa, ramin ya cinye, cire ta ka cusa tsinken sakace biyu da gam ɗin kafinta, ya bushe, ka mayar.

Ɗan Gyaɗi-Gyaɗi:
Na dawo da rahoto. Na sayi sabon saitin 10, na buɗe tsagin G da D da sanfefa yadda Baba ya ce, na sa fensir, na yi naɗi irin na Yaya Bulus, na miƙar da su. Kafinta na unguwarmu ya yanko mini guntun katako, na ɗaure sifirin na toshe bayan. Kusa ɗaya ta wuya ma a sake take, na ɗaure. "Ƙyas" ɗin ya tafi. Na yi ta tura G sama har yatsana ya yi zafi, tana dawowa kore. Allah ya saka wa kowa da alheri. Yaya Solo, kunnuwan sai wani lokaci in kuɗi sun samu.

Saura abu ɗaya. E babba in na danna ta daga firet na 12 zuwa sama, allurar manhajar rawa take yi, ba ta tsayawa wuri ɗaya, sautin ma kamar biyu ne ke faɗa da juna. Na ja sirdin baya na matso da shi gaba, duk ɗaya.

Injiniya Zazzau:
Bar sirdin. Fikof ɗin wuya, wato abin ɗaukar sauti da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi kusa da wuya, shi ne ya yi kusa da tsirkiya, maganaɗisunsa yana jan ta yana hana ta kaɗawa daidai, kuma E babba ta fi jin haka saboda ta fi ƙarfe. Danna ta a firet na ƙarshe ka duba tazarar da ke tsakaninta da kan maganaɗisun. Ka saukar da fikof ɗin da kusar gefensa har tazarar ta kai wajen milimita 2 da rabi a ɓangaren manyan tsirkiyoyi, milimita 2 a ɓangaren ƙanana. In rawar ba ta tafi ba, ƙara saukarwa rabin zagaye, ka yi wa na tsakiya ma haka. Sai allurar ta tsaya sannan ka koma kan sirdin.

Baba Mai Gyara:
In ka saukar da fikof har ƙasa rawar tana nan, canza wannan tsirkiyar ita kaɗai. Jabu sun yi yawa a kasuwa, kwali mai sunan babban kamfani amma naɗin ciki ba daidai ba, kuma irinsu ba sa saituwa ko me ka yi. Na kamfanin D'Addario na asali akwai lamba a jikin ledar ciki da ake dubawa a shafinsu. Ka tafi wurin bikin da G da E ƙarama na ajiya a aljihun jaka, da fensirinka.